Godiyar kaka ta ƙarato, ni kuwa zuciyata ta bushe

Maman Tagwaye, Yagwa:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ko maigidana ban iya faɗa masa ba.

Kun ji abin da ruwa ya yi mana a damunar bana ta 2024. Tun watan Agusta ake zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, kogin Logon ya cika ya batse, a Satumba har gadar Mayo Danay ta karye. Ɗakunanmu uku duk ginin ƙasa ne. Cikin dare na ji yaɓen bango yana faɗawa ruwa, tim, tim. Na goya ɗaya daga cikin tagwaye, maigida ya saɓa ɗayan a kafaɗa, muka fita ruwa har cinya. Da gari ya waye rumbu ya zauna, dawar da ke ciki ta jiƙe, bayan kwana kaɗan ta tsiro. Shinkafar da muka dasa ruwa ya shanye kanta. Awaki huɗu, guda ta rage. Ba mu rasa rai ba, na sani, kowa na tuna mini.

Godiyar kaka ta majami'armu saura mako uku. Bara mun shiga da buhun shinkafa da bunsuru, ina rawa ina guɗa. Ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, shugabarmu kuma ta ce lallai bana in ba da shaida. Amma tun daren nan, in na buɗe baki na ce "na gode Ubangiji", ji nake kamar ƙaiƙayi nake taunawa. Ban daina ba da gaskiya ba, sai dai zuciyar ta bushe. In na fita gaba na yi waƙar godiya haka, ba munafunci na yi ba? In na ƙi fita, ba butulci na yi ba? Don Allah ku ba ni shawara.

Matashi daga Kusiri:

Mama, sannu da wannan jarrabawa. Amma kada ki ba Shaiɗan ƙofa. 1 Tasalonikawa 5:18 ta ce mu yi godiya a cikin kowane hali. Bulus da Sila an yi musu bulala a Filibi, an sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna waƙa, sai ƙofofin kurkuku suka buɗe. Ki share hawaye ki fita ki yi rawa fiye da ta bara, za ki ga yadda Allah zai ninka miki.

Baba Dattijo, Garwa:

Ɗana na Kusiri, ayar da ka kawo daidai ce, amma ka yi sauri. Bulus da Sila ba don ƙofa ta buɗe suka yi waƙa ba. Da ta buɗe ma ba su gudu ba. In muka ce wa 'yar'uwarmu ta yi rawa don a ninka mata, mun mai da godiya jari, kuma in baɗi ba a ninka ba me za mu gaya mata?

'Yata, ki saurare ni. Mutane na son kawo maganar Ayuba a wurin makoki, cewa Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa, albarka ga sunansa. Ki buɗe sura ta 1 ki duba ayar da ta gabaci wannan. Kafin ya faɗi haka sai da ya yayyage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa. Bayan nan ya yi kwana bakwai a zaune cikin toka, abokansa na gefensa ba mai cewa uffan. Da ya buɗe baki a sura ta 3, ranar haihuwarsa ya la'anta. Duk da haka, a sura ta 42 Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi gaskiya game da shi, ba abokan da suka cika shi da wa'azi ba. Ki karanta Zabura ta 88 kuma. Daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ta rufe, ba a juya ta zuwa yabo ba, amma ga ta nan cikin Littafi Mai Tsarki.

Munafuki shi ne mai ɓoye abin da ke ransa don a yabe shi. Ke da kika faɗa mana zuciyarki ta bushe, ba ki cikinsu. Ayar Tasalonikawan nan ta ce *a cikin* kowane hali. Ba wanda ya ce ki gode don rumbunki ya zauna.

Matashi daga Kusiri:

Baba, na karɓi gyara a kan maganar ninkawa. Amma da girmamawa, Afisawa 5:20 ta ce a yi godiya kullum *saboda* kowane abu. Yaya za mu yi da wannan?

Baba Dattijo, Garwa:

Ka kyauta da ka kawo ta, ɗana, ba zan kauce mata ba. Ni ma ta sha ba ni wuya. Shekarar da na binne ɗana na fari ban iya karanta ta da ƙarfi ba. Abin da na gane daga baya shi ne, akwai godiyar da sai an yi nisa a waiwayo ake iya yinta. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, amma a Masar ya faɗa, bayan shekaru masu yawa, ba daga cikin rijiya ba. Yesu kansa ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka a wurin. 'Yar'uwarmu wata biyu kacal da fitowa daga ruwa. A bar ta ta fara da abin da za ta iya ɗauka.

Inna ta Waliya, Injamena:

Ƙanwata, ina karanta saƙonki ina hawaye, don na sha irin ruwan da kika sha. A Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon suka haɗu suka hau kanmu a Waliya, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Mun yi makonni a ƙarƙashin tamfol, sauro kamar ya ɗauke mutum. Ni ma addu'a ta ƙi fita.

Ga abin da ya taimake ni. Na daina ƙoƙarin gode wa Allah a dunƙule. Kowane dare kafin mu kwanta, ni da yara kowa ya ambaci abu guda na ranar da ya gani da idonsa. Ba "rai da lafiya" ba, wannan baki ya saba da shi, yana fita ba tare da zuciya ta sani ba. Daren farko autana ya ce ya gode don takalminsa ƙafa ɗaya da ya tsinta a cikin laka. Muka yi dariya, dariyar farko tun da muka bar gida. Ni kuma na ambaci wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta raba tukunyarta biyu ta miƙo mana tuwo da miyar kuka, ba ta tambayi addininmu ba. Wasu dararen ba ni da abin faɗa, sai in ce "Ubangiji, yau ban ga komai ba, ka buɗe mini ido gobe." Wannan ma na lissafta shi cikin addu'a.

Maganar shaida kuwa, ki je ki sami shugabarku ke da ita, ki faɗa mata gaskiya. In za ki iya tsayawa, ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da bushewar zuciyar. Ina tabbatar miki rabin matan da ke zaune a bencin nan abin da ke ransu ke nan, kunya ce ta hana su faɗa. In ba za ki iya ba, wata ta ba da waƙar bana, ke ki amsa daga baya. Kada kuma kunyar buhun bara ta hana ki zuwa. Gwauruwar nan ta Markus 12 anini biyu ta saka.

Manomi daga Marwa:

Ni ba malamin Littafi ba ne, amma zan faɗi laifina. Shekarar da albasa ta yi mini kuɗi na sayi babur, na yi wa gida rufin kwano, kuma ban tuna na durƙusa ko sau ɗaya ba. Na ɗauka ƙwazona ne. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo, ni ina cikin taran nan. Ke aƙalla abin yana damunki, ni lokacin ko a jikina.

Sai maganar ciki, don ba a waƙa da yunwa. 'Yar'uwa, maigidanki na da fili a karal, wato ƙasar laka da ruwa ke kwanciya? Inda ruwa ya kwanta ya janye, laka na riƙe da danshi, masakwa kuma, wato dawar rani, ba ta neman ruwan sama. A huda rami da sanda, a zuba ruwa kaɗan, a sa dashe biyu, wajen Fabrairu a yanka. Lokaci na ƙurewa, amma inda ruwa ya yi jinkirin janyewa ana iya samu. Ina da ragowar dashe, in akwai mai mota da zai bi ta Yagwa zan ɗaure muku dami.

Maman Tagwaye, Yagwa:

Iyayena, na rasa bakin magana. Baba, na karanta Zabura ta 88 jiya da fitilar waya, sau uku. Ban taɓa sanin an yarda mutum ya yi wa Allah magana haka ba. Na yi kukan da ban yi ba tun Satumba.

Inna, mun gwada abin da kika ce. Hassana ta ce ta gode don akuyarmu da ta rage tana da ciki. Ashe yaran sun lura, ni uwarsu ban lura ba. Ɗana na Kusiri, kai ma na gode, na san ƙauna ce ta sa ka yi magana.

Na je wurin shugabarmu yau da safe. Ban gama ba ta kama hannuna ta ce ita ma tun da ɗakin surukarta ya faɗi ba ta iya addu'ar asuba. Mun shirya ba ni kaɗai zan tsaya ba, mu biyar ne waɗanda ruwa ya ci gidajenmu za mu fita tare, kowa ta faɗi abu guda. Waƙar dai ban sani ba tukuna ko muryata za ta ɗauka. Akwai kwano biyu na dawa da na shanya a kan kwanon rufin da ya faɗi, su zan kai.

Ɗan'uwa na Marwa, na faɗa wa maigida maganar masakwa, a nan ne ma na samu na faɗa masa sauran. Yayansa na da fili ta wajen Maga, ya ce ruwa bai daɗe da barinsa ba. Akwai direban da ke tasowa daga Marwa ran Alhamis, zan turo maka lambarsa ta saƙon sirri.