Musayar Waƙa: Gahawar Yamma a Damagaram

Dattijon Birni:
Salama gare ku, ƴan'uwa. Amsa-amon "wa" ne, wanda ya karɓa ya riƙe shi.

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki,
Na buɗe zance a kan gahawa.
Kwana shida Allah ya yi aikin halitta,
Na bakwai ya keɓe shi don hutawa.
Ƙarfe 3 rana ta fara karkata,
Inuwar dogon yaro tana miƙewa.
A yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma,
Gawayi ya kama kafin a soma zuwa.
Mai hayaƙi yana ɓata ƙanshin buta,
Jira ya yi jajir, hayaƙin na ɗaukewa.

Mama ta zumuntar mata:
Baba, na karɓa, sannu da ƙoƙari,
Ga tawa gudummawa a kan soyawa.
Asalinta Habasha, ƙasarmu ba ta noma ta,
Daga su Kwaddebuwa take isowa.
Ɗanyar ƙwaya kofi guda, a tsince ta tsaf,
Kasko busasshe, ba mai, ba ruwa.
Wuta matsakaiciya, cokalin katako,
Hannu kada ya gaji da juyawa.
Kore ta koma rawaya, sannan ruwan ƙasa,
Wajen minti 10 za a ji tana fashewa.
Ƙas-ƙas ɗin nan shi ake jira,
A ƙara minti 2, sai saukewa.
In ta yi baƙi ƙirin tana nason mai,
Ta ƙone ke nan, ɗacin ba ya gyaruwa.
Juye ta a faifai nan take, a sheƙe ɓawon,
A kasko mai zafi ba ta daina ƙonewa.
Ta kwana a kwalba mai murfi, a inuwa,
Gobe a ɗebi ta sha kawai don dakawa.
A ware mata turminta ita kaɗai,
Tana kwasar warin yaji da daddawa.
A bar ta da tsaki-tsaki, kada ta yi lilis,
Mai laushi ke toshe tsumman tacewa.

Matashin Sabon Gari:
Mama, ku yi haƙuri da ɗanku,
Wannan aiki ai yana da daɗewa.
Mai shayin bakin tasha na da Nescafé,
Cokali guda, ruwan zafi, sai kaɗawa.
Minti 1 mutum ya sha ya kama gabansa,
Ɗan kabu-kabu ina ya ga sukunin zaunawa?

Dattijon Birni:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya,
Ta gwangwani ba mai hana ka shanyewa.
Amma a tsaye ka sha ta, kai kaɗai,
Wa ya ji damuwarka, kai ka ji ta wa?
Duba Markus 6:31, manzanni sun dawo aike,
Taro ya hana su ko abinci taɓawa.
Yesu ya dube su, ya ga gajiyarsu,
Ya ja su gefe domin sararawa.
Minti 30 ba sa karya ciniki,
Mai gyangyaɗi a kan babur shi ke faɗuwa.

Malamin makarantar Lahadi:
Baba ya faɗi dalili, ni ga awo:
Lita 1 ta ruwa, giram 60 na gahawa.
Ba sikeli? Babban cokali 8, da ɗan tozo,
Finjali 10 za su samu cikawa.
Ruwan jarka a ɗanɗana shi tukuna,
Warin roba ko kanwa ba ya ɓoyuwa.
Citta gaɓar yatsa, kanumfari 3, tun ruwa na sanyi,
Su kam suna jure tafasawa.
Sauke buta, jira minti 1, zuba garin,
Rufe ta minti 4 ba buɗewa.
Wanda ya bar ta tana ɓararraka a murhu,
Ƙanshi ya tafi, ɗaci ke tsayawa.
In ta fito salam, da ɗan tsami-tsami,
An yi mata gaggawa ne, ko an yi rowa.
Minti huɗun jira sun ishi Zabura 23,
Yaro ya karanta, manya na saurarawa.

Yaya ma'aikaciyar jinya:
Malam, awonka daidai, ga nawa gargaɗi:
Bayan ƙarfe 4 a daina ƙarawa.
Awa 5 da sha, rabin ƙarfinta na cikin jini,
Mai shan ta da magariba, barcinsa ke lalacewa.
Iri-iri ce: robusta ta kusan ninka arabika ƙarfi,
Finjali 2 sun isa, ban da zarcewa.
A zafin Afrilu ruwan randa ya riga ta shiga,
Tuwon rana ya yi awa 1 da wucewa.
Shan ta kan abinci na rage ƙarfen da jini ke samu,
Mai ƙarancin jini ya fi cutuwa.
Mai juna biyu, mai gyambon ciki, mai hawan jini,
A dama masu kunu su ma su samu kurɓawa.
Sukari a kwanonsa daban, kowa ya ɗiba,
Mai ciwon sukari bai cika son faɗin ciwonsa ba a cikin yawa.

Mama ta zumuntar mata:
Sannu, ƴata. Saura tsarin zaman:
Finjalin fari baƙo ake miƙa wa.
Ibraniyawa 13:2 ta ce kada a manta da baƙi,
Sai dattijai, sannan saura su biyo da karɓawa.
Waya a kife ta, gulma a bar ta a waje,
A tambayi wanda bai zo ba, ko lafiya ƙalau yake kuwa.
In ciwo ne, mutum 2 su tashi da flas,
Su yi masa addu'a kafin duhu ya soma rufawa.
Maƙwabci Musulmi in an kira la'asar,
A rufe masa nasa har ya yi dawowa.
A watan azuminsu a soya ƙwaya da dare,
Ƙanshi da rana na iya takurawa.
Mai hidima ma ta zauna, Luka 10 ta nuna,
Marta ta rasa zancen Ubangiji garin kai da kawowa.

Matashin Sabon Gari:
Baba, Mama, na ji, na kuma karɓa,
Lahadi bayan sujada ina nan zuwa.
Gawayi da citta a bar su a wuyana,
Mama, ki riƙe min hannu a wajen juyawa.