Yini ɗaya a Istanbul da ƙafa: daga ina za mu fara?

Ɗan Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. A tsakiyar Nuwamba zan tashi daga Abuja zuwa Istanbul saro kaya, ni da uwargida. Biza ta fito, masaukinmu a unguwar Laleli. Muna da yini ɗaya da ba mu da hidimar kasuwa, ko Talata ko Laraba, kuma so muke mu ga gari da ƙafa, ba ta gilashin mota ba. Sai dai gwiwa na ɗan damun uwargidan. Waɗanda suka san garin, don Allah ku tsara mana: ina za mu fara, me za mu bari?

Mai Taswira, Wuse:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ku ɗauki Laraba. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Turkiyya, a rufe take duk Talata, kuma ita ce mafi nauyi a abin da za ku gani. Ga mai karantawa da ranarsa ta bambanta: babbar kasuwar nan mai rufi ba ta ci ran Lahadi, Juma'a kuma manyan masallatai ba sa karɓar 'yan kallo sai an sauko.

Ku tuna rana gajeriya ce a Nuwamba. Ba ta fitowa sai wajen takwas saura, azahar kusan ɗaya, magariba kafin shida. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu, ku gyara tun a jirgi.

Daga Laleli ku hau tiram (jirgin ƙasa na kan titi) mai lamba T1, wanda ya nufi Kabatash, ku sauka a Sultanahmet da takwas da rabi. Kada ku tsaya ɗaukar hoto a dandalin, za ku dawo ta nan. Ku zagaya ta bayan masallacin Aya Sofiya ku tsaya a ƙofar Topkapi kafin tara. Dalili shi ne ɗakin Amanoni Masu Tsarki da ke farfajiya ta uku, inda aka ajiye mayafi da takubba da sauran kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Sarki Salim na ɗaya ne ya kawo yawancinsu bayan ya ci Masar a 1517. Ƙofar ƙarama ce, ana shiga a jere, mai karatun Alƙur'ani yana zaune a gefe yana tilawa. Da motocin 'yan yawon buɗe ido sun iso wajen goma da rabi, layin ɗakin nan kaɗai zai cinye muku lokacin da za ku ga masallaci guda. Don haka ku wuce can kai tsaye, sauran ɗakunan ku bi su a hanyar dawowa. Ku ba fadar awa biyu da rabi, kada ku ƙara.

Daga nan sai masallacin Sarki Ahmad, mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609. Ku yi azahar a ciki. Lokacin salla ana tsayar da 'yan kallo, masallata kuma ƙofarsu daban, ga famfunan alwala jere a jikin bangon waje. A gefensa akwai dogon dutsen nan na Fir'auna da aka ɗauko daga Masar aka kafa a shekarar 390, minti biyar ya ishe shi.

Bayan abinci ku bi titin Divan Yolu, layin tiram ne zai yi muku jagora, kusan kilomita ɗaya zuwa kasuwa mai rufi. Ku ratsa ta kawai. Shaguna sun kai dubu huɗu, ɗan kasuwa kuma in ya fara taya kaya yini ya tafi. La'asar a masallacin Sulaimaniyya, ginin shahararren magini Mimar Sinan da aka gama a 1557, sannan ku gangara Eminonu a bakin ruwa, ku tsallaka gadar Galata, ku hau zuwa hasumiyar Galata.

Hajiyar Rayfield, Jos:
Malam, tsarinka ya yi har zuwa Sulaimaniyya, amma ka manta da gwiwar baiwar Allah. Taswira ba ta nuna tudu. Daga bakin gada zuwa hasumiyar Galata hawa ne a miƙe, wani wurin ma matakala ce, a kan duwatsun daɓe masu santsi in an yi yayyafi. Wanda ya riga ya taka kilomita shida ko bakwai tun safe, ba nan zai ƙarasa da ciwon gwiwa ba. Ita ma gangarar Sulaimaniyya zuwa Eminonu ta fi hawanta cin gwiwa, sai a hankali, ga masu turin kaya suna saukowa da gudu a lungunan.

Ni shawarata, Alhaji, ku bar Galata. A Eminonu ku hau tiram T5 da ke bin bakin ruwa ya sauke ku a Ayyub Sultan. Nan ne makwancin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa da aka yi hijira zuwa Madina, ya kuma rasu a yaƙin da aka kawo wa birnin zamanin Mu'awiya. Wurin shimfiɗe yake, akwai wajen zama a farfajiya ƙarƙashin tsohuwar bishiya. Ɗakin kabarin ana rufe shi da yamma, saboda haka in ziyarar ce a ranku, ku tsallake kasuwar gaba ɗaya, ku isa can da la'asar. Kasuwa ai kun gan ta a sauran kwanakin.

Ki ji nan 'yar'uwa, in kina karantawa. Takalmi rufaffe mai tafin roba, wanda ƙafarki ta saba da shi, ba sabo ba, kuma mai saurin cirewa don za ki cire shi sau uku ko huɗu. Ana ba da leda a ƙofar masallaci, ki riƙe takalminki a hannu, domin sau da yawa ƙofar fita daban take da ta shiga. Safa mai kauri biyu. Sanyin can ba irin hunturun Jos ba ne mai bushewa, jiƙaƙƙe ne, da iska daga teku, kuma Nuwamba watan ruwa ne. Ki sa rigar sanyi a ƙarƙashin abaya, abayar kuma kada ta ja ƙasa, don jiƙewa za ta yi. Banɗaki akwai a kusan kowane babban masallaci, wasu ana biyan 'yan kuɗi, ki ajiye canji. Duk awa ɗaya da rabi ki zauna ki sha shayi ko da ba ki gaji ba, gwiwa ba ta yin gargaɗi sai ta kumbura.

Abban Gwarinpa:
Abin da ya rage shi ne aljihu. Ku sayi Istanbulkart a na'urar da ke bakin tasha, ku zuba masa lira. Kati ɗaya yana yi wa mutum biyu: ka taɓa ta wuce, ka sake taɓawa ka wuce. Shi ne na tiram da jirgin ruwa da bas. Canjin dala ku yi a Laleli ko wajen kasuwa, ba a filin jirgi ba.

Tiram T1 yana cika maƙil, nan ake yankan aljihu. Fasfo da kuɗi a aljihun ciki, jaka a gaba. In mai goge takalmi ya yar da burushi a gabanka, wuce abinka, dabara ce: ka ɗauko masa, ya ce zai goge maka don godiya, ya ƙare da neman kuɗi. Wanda ya tare ka da fara'a ya ce masallaci a rufe yake, zo ka ga shagon darduma, je ka duba ƙofar da idonka. Gidan abincin da bai rubuta farashi ba kada ku zauna. Ku shiga lungu ku nemi lokanta, inda abinci ke jere a bayan gilashi kana nunawa ana zuba maka.

Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Ku sayi mahaɗi tun a Abuja, ku kuma sauke taswirar garin a waya don ta yi aiki ba data.

Ɗan Kubwa:
Allah Ya saka da alheri, mun ɗauki Laraba, kuma Ayyub Sultan za mu. Amma Malam, ban ji ka sa Aya Sofiya a lissafi ba.

Mai Taswira, Wuse:
Hajiya ta fi ni gaskiya kan Galata. Aya Sofiya kuwa, an gama ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, ta koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai kallo yana biyan yuro 25, kuma bene ake hawa da shi ta wata ƙofa daban, hanyar da gwiwar uwargidanka ba za ta so ba. Ƙasan na masallata ne. Don haka ku sauya: azahar a Aya Sofiya, ku isa da alwalarku minti talatin kafin kiran salla saboda layin bincike. In an idar ku tsallaka dandalin, tafiyar minti biyar ce, ku shiga na Sarki Ahmad, shi ba a biyan komai.