"Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya": tunatarwa ce ko habaici?

Gwaggon amarya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. An sa ranar auren ɗiyar yayana wata huɗu, zai faɗo sati biyu kafin azumi. Jiya muna zaune da uwar yarinyar muna lissafin kayan ɗaki, sai kishiyarta ta leƙo ta ce, "To, rana dai ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya." Uwar ta tashi ta shige ɗaka, har na bar gidan ba ta fito ba. Ni a sanina tunatarwa ce, ita kuma ta rantse habaici aka yi mata. Masana, ku raba mu.

Malamin Hausa, Argungu:
Wa alaikumus salam, Gwaggo. Ranar da ake nufi ita ce wadda iyaye maza suka yanke, aka raba goro da alewa a kanta. Ko shekara aka sa, za ta zo. Wanda zai iya saɓawa shi ne mutum. An ambaci uwar ɗiya ne don a da ita ke tara kwanoni, tasoshi da langa tun yarinya tana tallar gyaɗa, kuma ranar jere mata ba sa tambayar wa ya haifi amarya, tambayarsu me uwarta ta yi mata. Karin maganar ba ta da laifi. Amma daga bakin kishiya, a gaban dangin miji? Gwaggo, ke ma kin san amsar.

Wata uwa, Yauri:
Malam, ni ba haka na ji ta wurin kakata ba. Kunyar nan alkunya ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ranar biki ma a ƙuryar ɗaki take wuni, ƙawayenta da 'yan'uwanta ke hidima. Ma'ana, rana za ta zo, uwa kuma za ta ɓuya.

Malamin Hausa, Argungu:
Hajiya, fassarar tana da daɗin ji, amma "sai dai" ta kayar da ita. Alkunya dole ce, an shirya ko ba a shirya ba. "Sai dai" kuwa tana nuna cewa in aka ga giɓi, ba daga rana yake ba. Shi ya sa ake faɗa wa mai bashi da ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato, alhali babu ɗiya a zancen.

Tela, Jega:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "sati biyu kafin azumi". Gwaggo, kin san rabin gari a Rajab da Sha'aban suke son aurar da 'ya'yansu. Muna fita daga ɗinkin biki mu faɗa na salla. Wata huɗun da kike gani, a wurin tela wata biyu ne, a wurin kafinta ma bai kai ba, domin gado da kujeru sai katako ya bushe, fenti ya sha iska. Masu anko su ne ciwon kaina: a fitar da yadi saura kwana goma, mata talatin su zo kowacce da nata salo, ga wuta ba ta tsayawa. In ɗinki bai fito ba a ce tela maƙaryaci ne. Karin maganar da ta dace da ku ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya". Gora sai an yanke bakinsa, an ƙwaƙule cikin, an jiƙa shi kwanaki ɗacin ya fita, sannan a zuba ruwan sha. Wanda ya fafe da safe ya kama hanya, ruwan ɗaci zai sha.

Manomin shinkafa, Suru:
Tela, wagga magana taka ta masu albashi ce. Mu sai da ruwan ciki muke jan na rijiya. A 2020 munka sa ranar ɗiyata bayan kaka, muna lissafi da shinkafar fadama, sai ambaliya ta zo ta shafe gonakin Kebbi, tawa har da iri. Mi za a fafe? Dole anka ɗaga biki har sai da munka girbe ta rani. Don haka ni na ga ranar da ta yi ƙarya da idona.

Malamin Hausa, Argungu:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ranar ta zo, ku ne kuka roƙi arziki aka ɗaga. Kuma ɗagawa da wuri ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a yi shiru har a raba katin gayyata, mutane su taso daga Zuru da Kamba, sannan a ce an fasa.

Uban 'yan mata biyar, Gwandu:
A gyara karin maganar kawai, a ce uban ɗiya. Yau wa ke sayen gado, katifa, kujeru, firji? Uwa kayan kicin ne nata, shi ma da adashi da gudummawar ƙawaye. Na aurar da ta biyu a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Kuɗina na banki, amma mai itace da masu dakan fura ba su san tiransifa ba. Na yi kwana uku ina bin layi. Ba wanda ya nemi uwarta, ni aka yi ta kira a waya. Abin da na koya: duk abin da ba ya lalacewa a saye shi a watan farko, tunda farashi ba ya jiran biki. Shinkafar gara ma a saya da kaka.

Ɗan Zuru:
Ku kuna kukan wata huɗu. A al'adar golmo ta Dakarkari saurayi shekara bakwai yake noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. A can in akwai mai jin kunya, ango ne da abokan nomansa.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:
Ku yi haƙuri in sako abin da kowa ya tsallake. An yi gwajin jini kuwa? Mutanenmu sai an kai lefe, saura mako guda, sannan a tura yara asibiti. In duka biyun AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A lokacin wa zai iya cewa a fasa, ga akwatuna a ɗaki? Wannan goran kafin sa rana ake fafe shi.

Wata uwa, Yauri:
Wannan gaskiya ne, 'yata. Sai dai ni dogon sa rana ma ba na son shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wata shida, takwas, masu kai gulma sun samu fili, yaro ya fara ganin aibin yarinya. Sadakin da malamanmu ke faɗa mafi ƙaranci rubu'in dinari ne, sauran duk mu muka ɗora wa kanmu, sannan muka ce sai an ba mu lokaci.

Tela, Jega:
Hajiya, a rage kaya a rage wata, na yarda. Amma kaya na wata shida a rana ta wata biyu, a shagona ake zuwa a yi kukan.

Gwaggon amarya, Birnin Kebbi:
Na gode muku. Gwaji an yi tun kafin baiko, alhamdulillahi. Na koma gidan da safe na karanta wa uwar abin da kuka rubuta. Ta ce Malam ya yi gaskiya, habaici ne, amma kuma ba a ba kafinta ko sisi ba har yau. Yayana ya ce gobe za a kai rabin kuɗin, kuma tunda kishiyar ce ta fi kowa tuna rana, ita zai ɗora wa bibiyar gadon. Tela, yadin anko zai fito ƙarshen watan nan. Mata goma sha biyu ne, ba talatin ba.