Jarrabawar ƙididdiga ta intanet ranar Asabar, don Allah ku ba ni shawara

Maman Yara, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin lissafi ku agaza min, hankalina a tashe yake. Ina karatun digiri daga nesa a fannin kasuwanci, kuma ranar Asabar mai zuwa ƙarfe goma na safe nake da jarrabawar ƙarshe ta ƙididdiga. Ta intanet za a yi, daga gida, kamara a kunne tun farko har ƙarshe. Tambaya 50 ce ta canki-canka, awa biyu. Jarrabawar maki 70 ce, aikin gida 30, kuma 17 na samu a aikin gidan.

Ciki da falo muke haya a gidan yawa, ranar Asabar kuwa kowa yana gida. Maigidana kayan gwari yake sayarwa a Mile 12, tun asuba yake fita, Asabar kuma ranar ciniki ce, ba zan ce ya zauna ba. Ƙanwarsa ta ce za ta taso daga Idi-Araba ta kwashe yaran, amma ita ma goyo gare ta, kuma in an wayi gari da ruwa kun san yadda hanya take cushewa. Maƙwabcinmu da an ɗauke wuta yake tada janareta daidai tagar falona. Batirin laftof ɗina ba ya wuce minti arba'in.

A karatun kuma na haddace fomuloli shafi huɗu. Matsakaici da bainomiyal ba laifi, amma da an zo gwajin hasashe sai kaina ya ɗaure. Ban san inda ake ɗaukar gwajin z ba, ban san inda ake ɗaukar gwajin t ba. Ta ina zan fara?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abu uku nake so ki duba a takardar ƙa'idojin jarrabawar yau ɗin nan: an yarda da kalkuleta da farar takardar lissafi? Za a ba ku jadawalin z da t a kan allo? In kin wuce tambaya, ana komawa baya? Shirin ya danganta da amsarsu.

Ki daina haddar nan. Ƙididdiga da alƙalami ake koyonta. Batun z da t ga shi a taƙaice: in tambaya ta ba ki σ, wato ma'aunin warwatsuwar jama'ar gaba ɗaya, z za ki ɗauka. In s ta ba ki, wanda aka fitar daga samfuri, t ce, kuma df ɗinki, wato layin da za ki duba a jadawalin t, n − 1 ne, n kuwa yawan samfurin. Gwada wannan: an ɗauki samfurin mutum 36, matsakaicinsu 52, s = 12, ana so a gwada ko matsakaicin jama'a 48 ne. Ki raba 12 da √36, wato 6, ki samu 2. Ki cire 48 daga 52, ki samu 4. Ki raba 4 da 2, t = 2.0. A df 35, gwaji mai ɓangare biyu, α (kuskuren da aka yarda da shi) = 0.05, iyakar 2.03 ce. 2.0 bai kai 2.03 ba, don haka ba a watsar da H0 ba, wato hasashen farko cewa matsakaicin 48 ne. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne su raba 4 da 12 kai tsaye, su manta √n, sai su samu 0.33. Kuma mai tsara tambayar ya san haka, zai iya ajiye 0.33 ɗin a cikin zaɓin yana jiran ki.

Lambobin z uku na tazarar amincewa kawai na yarda ki haddace: 1.645 na kashi 90, 1.96 na kashi 95, 2.576 na kashi 99.

Ɗan Ikeja:
Anti, ni ta ɓangaren na'ura zan yi magana. Batirin minti arba'in ba zai kai ki ba, domin kamara da manhajar sa ido suna cin caji fiye da karatu zalla, arba'in ɗin ma zai iya zama talatin. Ki juya bayan laftof ɗin ki ɗauki hoton lambar samfurinta, ki shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja a sa miki sabon batiri, ki tsaya a gwada a gabanki. In kin dawo gida ki cika shi, ki cire caja, ki kunna kamara ki bar ta awa biyu cif. Daren Juma'a ki shiga saitin Windows ki dakatar da sabuntawa, kada ta kashe kanta ana tsaka da jarrabawa. Ki rufe WhatsApp na kwamfuta da duk abin da yake turo sanarwa, wasu manhajojin sa ido suna ɗaukar hakan a matsayin barin shafi. Intanet kuma ki tanadi layi biyu na kamfani daban-daban, ɗaya a maifai (ƙaramar na'urar intanet) da aka jona wa fawa banki, ɗaya a waya.

Ki kuma duba agogon shafin makarantar. In an rubuta GMT ko UTC, Legas tana gaba da awa ɗaya, goma tasu sha ɗaya ce a nan.

Hajiya Obalende:
Wallahi wannan tsarin karatun an yi shi ne kamar kowa yana da wuta awa ashirin da huɗu. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025, ɗalibi yake kuka. Waɗanda aka sa a rukunin Band A, tun watan Afrilun 2024 suke biyan kuɗin wuta mai tsada a kan alƙawarin awa ashirin a rana, sauran unguwanni kuma sai yadda Allah ya yi. A ce ka biya kuɗin makaranta, ka sayi data, ka sayi fetur, sannan layi ya yanke a ce laifinka ne. Allah ya kawo mana sauƙi. 'Yata, ki yi ta addu'a.

Maman Yara, Agege:
Amin Hajiya. Malam, an yarda da kalkuleta da farar takarda ɗaya da za a nuna wa kamara gaba da baya. Amma batun hadda, ni da ita na ci sauran kwasa-kwasaina, kuma ba a yarda a shiga da takardar fomula ba, in ban haddace ba me zan yi amfani da shi? Ɗan Ikeja na gode, sai dai kuɗin batiri babu shi a wannan satin. Za mu ja waya daga janaretan maƙwabcinmu, mun riga mun yi magana da matarsa.

Ɗan Ikeja:
Anti, janaretan da kika ce yana daidai taga? Makirfo a buɗe yake a irin wannan jarrabawa, ƙara mai yawa tana iya sa a yi wa bidiyonki alama a sake dubawa. Kuma lokacin da ake sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta, in maifai ba shi da caji zai mutu ya sake tashi, minti biyu zuwa uku sun tafi. Aƙalla ki roƙe su su matsar da shi bayan gida, ki zauna a uwar ɗaka, hasken taga yana fuskarki ba bayanki ba.

Ɗalibin Akanta:
Malam da girmamawa, amma misalin da ka bayar zai iya kayar da ita. Littattafan kwas na kasuwanci da yawa cewa suke yi in n ya kai 30 ko ya wuce, a ɗauki z ko da s aka bayar. A misalinka n = 36. In ta bi wannan ƙa'idar, iyakar 1.96 ce, 2.0 ya wuce ta, an watsar da H0. Amsa biyu masu karo da juna daga tambaya ɗaya. Kwamfutar da za ta duba jarrabawar amsar malaminta aka sa mata. Yaya, ki buɗe littafin kwas ɗinku ki ga wacce suka bi, ita za ki bi.

Malamin Lissafi:
Ƙa'idar 30 ɗin nan sauƙaƙawa ce daga zamanin da jadawalin t na bayan littafi yake zuwa df 30 ya tsallaka 40, 60, 120. In ba a san σ ba, t ce daidai, ko samfurin ɗari ne. Ba zan koya wa ɗaliba abin da na san gajeriyar hanya ce ba tare da ta san asalin ba. Kuma mai tsara tambaya da ya san aikinsa ba zai kawo lambar da ta faɗa tsakanin 1.96 da 2.03 ba.

Ƙanwata mu ci gaba. Wace kalkuleta gare ki? In Casio fx-991ES Plus ce, rabin fomulolin da kike haddacewa suna cikinta. Danna MODE, 3, sannan 1. Shigar da 4, 8, 6, 5, 7, kina danna = bayan kowace. Danna AC, sai SHIFT, 1, 4. Za ki ga n, x̄, σx, sx. Matsakaicin 6 ne, σx 1.414, sx 1.581. Bambancinsu: in an ninka tazarar kowace lamba daga matsakaici sau kanta aka haɗa, 10 ne, na farko ya raba 10 ɗin da 5, na biyu ya raba da 4, sannan a ɗauki √. In tambaya ta ce samfuri, sx za ki ɗauka. Dukansu biyun za ki iya ganinsu a cikin zaɓi, don haka ki karanta tambayar sau biyu kafin ki danna. In an ba ki jadawali mai nuna sau nawa kowace lamba ta fito, danna SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 4, 1, layin FREQ zai buɗe. Na rigireshan kuma MODE, 3, 2, ki shigar da x da y, AC, SHIFT, 1, 5, ga A da B da r. Tambayar da za ta ci miki minti takwas da hannu, minti ɗaya da rabi ta isa. Kafin sabuwar tambaya ki sake danna MODE, 3 don tsofaffin lambobin su goge, in ba haka ba, za su cakuɗe da sababbi ki samu amsar da ba ta cikin zaɓi.

Sai p, wato yiwuwar samun irin wannan sakamako in H0 gaskiya ce. In p bai kai α ba, a watsar da H0. In ya wuce, ana cewa ba a samu hujjar watsar da ita ba, ba a cewa an tabbatar da ita. Zaɓin da ya ce "an tabbatar H0 gaskiya ce" tarko ne. Ki lura da lafazin tambaya kuma: "ya bambanta" ɓangare biyu ne, "ya fi" ko "bai kai ba" ɓangare ɗaya ne, kuma a nan iyakar z a 0.05 ita ce 1.645.

Ɗalibin Akanta:
Malam ai ba gaskiyar ilimi muke musu a kai ba, maki take nema ranar Asabar. Kuma ba kowane mai tsara tambaya ne yake lura da abin da ka faɗa ba. Wannan ma shi ne abin haushin canki-canka a darasin lissafi: ka yi aikin layi goma daidai, ka kuskure a zagaye lambar ƙarshe, sifili. Ba makin hanya. Yaya, kada ki zagaye lamba a tsakiyar aiki, ki yi amfani da maɓallin Ans na kalkuleta har ƙarshe sannan ki zagaye.

Malama Idi-Araba:
Ƙanwata batun lokaci ba wanda ya taɓa. Minti 120 a raba wa tambaya 50, kowacce ba ta kai minti biyu da rabi ba. In ana komawa baya, ki fara share na ma'ana da na fassara, waɗanda ba sa son kalkuleta, sannan ki dawo kan masu lissafi. Farar takardar ɗaya ce, ki naɗe ta gida takwas, ki rubuta lambar tambaya a kowane gida, kuma da zarar an fara ki zuba fomulolin da kika haddace a gida ɗaya. Haddarki ba asara ba ce, a nan za ta yi miki rana. Biyu da suke yawan fitowa: a bainomiyal in an ce "aƙalla ɗaya", ki cire yiwuwar sifili daga 1. Misali n = 10, p = 0.2: 0.8 sau kansa goma 0.1074 ne, amsa 0.8926. A kai-sikwaya kuma df ita ce layuka a cire ɗaya, a ninka da ginshiƙai a cire ɗaya. Jadawali mai biyu da biyu df 1 ne, iyakarsa 3.841 a 0.05.

Amma shawarar layi na biyu a waya ban yarda da ita ba. Yawancin jarrabawa mai kamara an hana waya a kusa, in aka gan ki kina miƙa hannu gare ta magana ta zama ta satar amsa.

Ɗan Ikeja:
Malama to in maifai ya yanke fa? Ta kunna hotsifot tun kafin a fara, ta jona laftof sau ɗaya ta gane shi, ta ajiye wayar a falo. In na farko ya mutu kwamfutar za ta kama na biyu da kanta.

Malama Idi-Araba:
In manhajar ta kulle allo, sauyin layi kansa yana iya fitar da ita daga jarrabawar. Ta tura wa sashen taimako na makarantar saƙo tun yau, a ba ta amsa a rubuce.

Malamin Lissafi:
Tsarin kwanakin: Talata da Laraba gwajin hasashe da tazarar amincewa, tambaya ashirin kullum da alƙalami. Alhamis kai-sikwaya da rigireshan a kalkuleta. Juma'a cikakkiyar tsohuwar jarrabawa, awa biyu, ƙarfe goma na safe, a kujerar da za ki zauna ranar. Daren Juma'a ki yi barci. Ki kuma faɗa mana makin cin kwas ɗin: in 40 ne, 23 kike nema cikin 70, kusan tambaya 17, in 50 ne, 33 kike nema, tambaya 24.

Maman Yara, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam tambaya ashirin kullum ba za ta yiwu ba, sai yara sun yi barci nake samun zama, shi ya sa na fi son hadda, ina girki ina maimaitawa. Kalkuletata ba irin taka ba ce, ta ɗan yayana ce, in na danna MODE abin da yake fitowa daban. Na duba littafinmu, a babi ɗaya sun yi amfani da z a samfurin 40, a wani misalin kuma sun ɗauki t a samfurin 32, ban gane wanne zan bi ba. Sashen taimako na tura musu saƙo, ba su amsa ba tukuna.

Ɗalibin Akanta:
A misalin 40 ɗin, σ aka bayar ko s?

Malamin Lissafi:
Ki turo hoton shafukan biyu, da hoton gaban kalkuletar. Har yanzu kuma ba ki faɗa mana ko ana komawa baya ba.

Maman Yara, Agege:
Zan turo in an kawo wuta, wayar saura kashi huɗu. Ƙanwar maigidan ma yanzu ta kira, wai ba ta da tabbas na Asabar ɗin.