qPCR ko insitu? Neman shawara kan 'yan tayin kwaɗo

Hafsat: Salam 'yan zaure, don Allah a taimaka min. Na fara aiki da 'yan tayin kwaɗon nan Xenopus laevis, ina so in ga ko wata ƙwayar gado tana aiki lokacin gastirula, wato sanda ƙwayoyin ɗan tayin ke lanƙwasawa ciki su yi hawa-hawa, wajen mataki na 10 zuwa 11 a jadawalin matakan girman ɗan tayi na Nieuwkoop da Faber. qPCR zan yi ko insitu? wallahi kaina ya kulle

Dakta Bello: Wa alaikumus salam. Tukuna me kike nema, a ina take aiki ko kuwa yawan aikin? A qPCR niƙe ɗan tayin za ki yi ki tatsi RNA, wato saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa in tana aiki, ki samu adadi amma maganar wuri ta tafi kenan. Insitu kuwa yana nan ɗungurungum, shuɗi ya fito daidai inda saƙon yake. A gastirula wurin ne ya fi muhimmanci, ni dai insitu zan ce.

Umar: Ina bayan Dakta. Hanyar da Richard Harland ya fitar a 1991 har yau ita ake bi da 'yan gyare-gyare, ki cire yauƙin jikin ƙwan da cysteine 2%, ki kafe su a ruwan sinadarin MEMFA, furob ɗinki, wato zaren RNA da ke manne wa saƙon da kike nema, mai alamar sinadarin DIG, ya kwana da su a digiri 60, sai antibodi mai kama alamar DIG ɗin, sannan BM Purple ya fito da launi, abin yana cin kwana uku aƙalla fa kar ki fara ana gobe hutu. Kuma ki haɗa da furob na brachyury, ƙwayar gadon da aka riga aka san inda take aiki, a kwalba daban, a mataki na 10.5 zobe yake yi kewaye da bakin bilastofo, ƙofar da ƙwayoyin ɗan tayin ke shigewa ciki ta nan, in zoben bai fito ba to aikin ne ya lalace, kar ki ɗora wa ƙwayar gadonki laifi.

Zainab: Ƙanwata abin da ba a faɗa miki ba shi ne baƙin saman ƙwan, rufe launin yake yi. Ko ki nemi na zabiya ko ki koɗar da su da hydrogen peroxide a ƙarƙashin fitila bayan launi ya fito. Sai kogon cikin nan, bilastosil, yakan riƙe furob ki ga shuɗi a ciki ki hau murna alhali ba komai ba ne. Ki ɗan huda shi da siririyar allura, kuma lallai ki yi furob na sens, mai jeri iri ɗaya da saƙon wanda ba ya manne masa, don kwatance, shi bai kamata ya ba da launi ba.

Kabiru: Haba jama'a kar ku binne qPCR mana 😅 insitu ba ya faɗin ninki nawa abu ya ƙaru. Sai dai Hafsat ki kula da ƙwayar gadon da za ki riƙe a matsayin ma'auni, EF1-alpha hawa yake yi bayan mataki na 8 lokacin da ɗan tayi ya fara ƙera nasa RNA, kafin nan na uwa ne a cikin ƙwan, shi ya sa da yawa suka fi son ƙwayar gadon ODC. Sannan laevis yawancin ƙwayoyin gadonsa kwafi biyu ne, L da S, ki duba firaimominki, guntayen DNA ɗin da qPCR ke farawa da su, wanne suke kamawa. Ɗan'uwansa Xenopus tropicalis ba shi da wannan ciwon kan.

Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Zainab ban taɓa jin zancen kogon nan ba. To HCR fa, insitu ɗin nan mai ƙyallin haske da ake ta yabo?

Dakta Bello: Yana da kyau in kina son ganin biyu ko uku lokaci guda, kowacce da kalar haskenta, amma sai da madubin da ke ganin ƙyallin haske, irin konfokal, kuma gwaiduwar ƙwan ita ma ƙyalli take yi ta dame miki hoto. Fara da na shuɗin. Kafin ma ki sayi komai shiga Xenbase, shafin intanet na bayanan Xenopus, ki rubuta sunan ƙwayar, wataƙila wani ya riga ya sa hotonta.

Umar: Safar hannu fa, kar ki taɓa kwalba da hannu tsirara, RNase, sinadarin da ke farfasa RNA, na fatarki cinye furob zai yi.