Bazara, Gulbi da Faɗan Ma'auni: Musayar Baiti Tsakanin Kabawa da Zamfarawa

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum mutanen zaure. Na jingine mashin ƙarƙashin dogon yaro, ba fasinja ba iska, shi ne zafi ya matso mini waɗanga baitoci. Babban amsa-amo "ra" ne, wanda ya iya shi ɗora.

Rana ta ɗau zafi da hantsi,
Gumi ya sa sirdina santsi,
Fasinja na ƙorafin matsi,
Wai laifina ne, ba bazara.

Watan Afrilu Birnin Kabi,
Inuwa ake nema a bi,
Kowa shina ta roƙon Rabbi,
Hadari shi zo ko da ƙura.

Dare ya yi, an ɗauke wuta,
In ka fita waje ka huta,
Sauro shi zo da tashi cuta,
Haka za ka kwan kana ƙara.

'Yar Gusau:
Wa alaikumus salam. Haba Yaya, ko Mayu ba mu shiga ba har ka fara kuka? Karɓi.

Kai mai mashin, rage ƙorafi,
Kai ke da iska, mu da zafi,
Ka sheƙa kan titi da ƙarfi,
Ni ko ina tuyar awara.

Fasinjanka bai yi ƙarya ba,
Ba rana ce ta matse shi ba,
Uku ka ɗora, ba ɗaya ba,
Har da ɗan akuya ka ƙara.

Bamafare:
Allah ya ja kwana, 'yar gidanmu! Zamfara ɗaya, Kebbi ba ko ɗaya. Ɗan akuyan nan ya gama da shi.

Mai Ƙanƙara, Jega:
Ku dai ku yi ta zaginta. Ni ba na cikinku.

Ku bar zagin rana, jama'a,
Ni ita ce ta ba ni sa'a,
Ƙanƙara ce tawa sana'a,
Kuna kuka, ina ta tara.

Hunturu shi ne maƙiyina,
Disamba ba mai zuwa guna,
Mai shayi ke cinye rabona,
Ni ko firij sai tara ƙura.

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi:
Na sauke fasinja na dawo na tarar an taru a kaina, har da ɗan jihata. To bari in raba muku ɗaya bayan ɗaya. Ke tukuna:

Ƙanwata, mai yana ƙonewa,
Ke ko waya kike latsawa,
Masu saye suna wucewa,
Koma ga kaskonki ki gyara.

Sai kai Alhaji:

Kai ko na Jega, ja bakinka,
Fetur ya cinye duk ribarka,
Janareta na shan jininka,
Tun ran da anka cire tallafin mai kake asara.

Mai Ƙanƙara, Jega:
Tun Mayun 2023 kake riƙe da wanga labari? Duniya ta wuce nan.

Yaro, labarinka ya tsufa,
Sola gare ni, an kakkafa,
Ranar da ke sa ka yin zufa,
Ita ka yi mini ƙanƙara.

Malamin Hausa, Gwandu:
Salamu alaikum. Ban so in sa baki ba, amma akwai abin da kunne ba ya iya haɗiyewa. Mai mashin, ƙidaya baitinka na ƙarshe. Ɗango uku na farko gaɓa tara-tara ne, na huɗu gaɓa goma sha shida. Wa zai rera wannan bai shaƙe ba? Ke kuma 'yar Gusau, baitinki na biyu "ba, ba, ba" kika jera sau uku. Maimaita kalma guda ba shi ne amsa-amon ciki ba, gudun wahala ne. Na farkon ya yi kyau, ƙorafi, zafi, ƙarfi, haka ake so.

Bamafare:
Ga shi nan. Da aka ga Zamfara na gaba sai aka aiko alƙali daga Gwandu.

Malamin Hausa, Gwandu:
Da ɗan jihata na fara, koma ka karanta.

Bamafare:
Don a ce ka yi adalci ne. Malam, mu ƙasar makaɗa ce. Daga Mafara zuwa Maradun zuwa Ƙaura, makaɗan fada da na noma sun yi shekaru suna tashin jama'a tsaye da kotso da kalangu, ba wanda ya taɓa zama da alƙalami yana ƙirga gaɓa. Wani ɗan waƙar layi biyu ne, wani bakwai, kuma ba wanda ya shaƙe.

Malamin Hausa, Gwandu:
Makaɗi yana da ganga, ita ke auna masa, kuma yana da 'yan amshi masu ba shi numfashi. Kai me kake da shi ban da waya? Rubutacciyar waƙa kari ke riƙe ta. Ilmin aruli, wato na awon waƙa, ba jiya aka fara shi ba. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16, malamanmu na ƙarni na 19 suka ɗora waƙoƙin Hausa da Fulatanci a kan irinsu. Ƙirgan gaɓa ma sassauci na yi muku. Asalin awon nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi, in na shiga nan ba baitin da zai fita da rai a zauren nan.

'Yar Gusau:
To Malam, a yi mana afuwa, mu 'yan kasko ne. Amma "ba" ɗin nan uku sun isar da saƙo, tunda mai akuya har yanzu bai musa ba.

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi:
Tunkiya ce, kuma mai ita ya riƙe ta.

Akawu, Birnin Kebbi:
Sai yanzu na samu caji. Ban karanta faɗanku ba, ga nawa.

Ofis da fanka ba ta juyi,
Da fayil fifita muke yi,
Oga a esi na jin sanyi,
Albashi ko sai an yi jira.

Bamafare:
Akawu ka zo a makare, an wuce zafi, yanzu jarrabawa ake yi. Malam zai ba ka maki.

Malamin Hausa, Gwandu:
Tara-tara ne duka huɗun. Ba ni da magana.

Baba na Ƙauran Namoda:
Yara, ku sassauta wa juna. An buɗe zaure don a yi dariya, kun mai da shi aji. Malam, gaskiyarka, amma a bar yaro ya yi tatata kafin a ce ya yi gudu. Ga na tsoho, in ya karye a ɗaure mini.

Ku masu kukan zafin rana,
Ku dakata marka ta kwana,
Soro ya jiƙe har da zana,
Ku ce ina ma dai bazara.

Hunturu ya zo, ku ce sanyi,
Wanka ya koma babban nauyi,
Leɓe ya tsage, sai shan shayi,
Ga kaushi, ga tari, ga mura.

'Yar Gusau:
Allah ya ƙara girma, Baba. Zancen wankan nan da wani kake, amma ba zan kama suna ba, yana da mashin.

Mai Albasa, Aliero:
Ni da mai roƙon hadari nake tun sama, ba a ba ni fili ba.

Kai mai roƙon hadari, tsaya,
Albasata na nan a shanya,
In ta jiƙe wa zai ko saya?
Sai na kai ta kudu ka fara.

Manomin Shinkafa, Argungu:
Baba, ina gaisuwa. Kun taɓo marka, kun taɓo inda ke yi mini ciwo. Ku soro ke yoyo, mu gona ke tafiya. Wanda ya ga daminar 2020 a fadamun Kebbi, shinkafa ta yi ciki ruwa ya shafe ta, ba ya wasa da watan Agusta da Satumba.

Baba, ku yoyo ne kukanku,
Mu ko ruwa ne daga gunku,
Dam ya cika ku buɗe naku,
Mu a fadama sai asara.

Rani mu tada injin ruwa,
Kuɗin fetur suna hauhawa,
Jan-baki garke na saukowa,
Yini guda muna ta kora.

Bamafare:
Allah ya mayar da alheri, wannan ba abin dariya ba ne. Amma kar a ɗora mana duka. Gulbin yana wuce mu ya je ya haɗu da Rima a Sakkwato kafin ya gangaro muku, ruwan sama kuma ba mu ke da makullinsa ba. In damina ce ku ce mun sako, in rani ne ku ce mun riƙe. Tunda ka ja, ga amsa.

Gulbinku ta Gusau ya biyo,
Yaranmu sun riga yin iyo,
Raguwar dam ce ta yi yoyo,
A ciki kuke su da gora.

'Yar Gusau:
Wayyo cikina! Ashe Matan Fada, inda ake bikin sun Argungu, sauran wankanmu ne. A ce an tara dubban mutane da homa da gora, ana kiɗa, ana kiran baƙi daga Turai, duk a kan ruwan da yaran Gusau suka gama wasa a ciki.

Manomin Shinkafa, Argungu:
Ki iya bakinki, ƙanwa. Tun 1934 ake bikin nan, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka binne tsohuwar gaba. Giwan ruwan da ake fiddawa a Matan Fada wani sai mutum biyu sun ɗauka. Ku nuna mana naku.

'Yar Gusau:
Bikin da ya kwanta kusan shekara goma sai 2020 ya farka? Kifin ma hutu ya samu ya yi ƙiba.

Manomin Shinkafa, Argungu:
Ba da ke zan yi ba, da na Mafara nake. An yanke wa Kebbi cibiya 1991, Zamfara sai 1996, duk daga cikin Sakkwato. A san babba.

Ƙanenmu, ka gai da yayanka,
Shekara biyar mun girme ka,
Kifin Yawuri ke miyarka,
Ina jirgin ƙasa na Ƙaura?

Mai Ƙanƙara, Jega:
Shi ke nan! An rama. Kebbi biyu, Zamfara ɗaya, a tashi wasa.

Bamafare:
Wa ya naɗa ka mai usur? Ƙanƙara ta daskarar maka da lissafi.

Baba na Ƙauran Namoda:
Ɗana na Argungu, ni me na yi maka? Na shigo raba faɗa ka jefe ni da dutse mafi nauyi. Dogo ya iso Ƙaura 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau. Muna yara jiniyar jirgi ke gaya mana lokaci, gyaɗa da auduga ake lodawa ana kai wa kudu. Yau tasha na nan, jirgi babu. Baitinka ya yi daɗi, shi ya sa ya yi zafi. Amma ka tuna, mu mun ga jirgin ƙasa ya tafi, ku Argungu ba ku ga zuwansa ba.

Manomin Shinkafa, Argungu:
Tuba nake Baba, amsa-amo ne ya ja ni. "Ra" aka ce, Ƙaura ta faɗo hannu.

Malamin Hausa, Gwandu:
Wannan shi ne abin da nake faɗa. Dubi yadda ƙa'ida ta haifar da ɗangon da ya fi kowane kyau a zauren nan. Da an bar shi sakaka da ba zai kai Ƙaura ba.

Bamafare:
Ka ji ko? Ɗangon da ya zagi Zamfara shi ne "ya fi kowane kyau". Nawa na gora fa, Malam? Ko shi ma ya karye?

Malamin Hausa, Gwandu:
Bai karye ba. Ɗangonka na uku ne ya zo da ƙyar, an ga alamar turi.

Bamafare:
To mun gaji da gyara. Tun ɗazu kake duba littafin mutane, ba mu ga naka ba. Sauko fage.

Akawu, Birnin Kebbi:
Na goyi baya, ko da ya ba ni maki.

Malamin Hausa, Gwandu:
Na je sallar la'asar ne, ba gudu na yi ba. Bismillah.

Magini na awo da igiya,
Mai hatsi na awo da tiya,
Baiti ba awo sai dariya,
Ku auna shi kafin ku rera.

'Yar Gusau:
Tsaya, tsaya. Na ajiye matsami na ƙirga da yatsu. Ma, gi, ni, na, a, wo, da, i, gi, ya. Goma! Jama'a ku zo, Malam ya yi goma!

Bamafare:
Allahu akbar. A kira Halilu ɗan Ahmad.

Malamin Hausa, Gwandu:
Ku natsu. Na gaya muku tun farko nauyi ake aunawa. Gaɓoɓi biyu marasa nauyi na "igi" gurbin gaɓa ɗaya mai nauyi suka cike, wannan halas ne a waƙar Hausa, rera ki ji ko zai yi tuntuɓe.

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi:
Ashe akwai rangwame! To Malam, a yi mini irinsa. Nawa ma sha shidan nan ƙanana ne, a haɗa su biyu-biyu su koma takwas, har ina bin zaure bashin gaɓa ɗaya.

Malamin Hausa, Gwandu:
"Tun", "ran", "an", "tal", "fin", "mai", wanne ne ƙarami a ciki? Naka ba ya haɗuwa.

Mai Albasa, Aliero:
Ni dai ba wanda ya amsa mini zancen albasa.

'Yar Gusau:
Yi haƙuri Alhaji, bari in sallami wannan tukuna.

Malam ya ɗora guda ƙari,
Ya ce da mu wannan ne tsari,
Kai ko ka kwaso rabin gari,
Sauka, Yaya, ka biya tara.