Wa ya taɓa shiga filin tsere da motarsa mai turbo?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi rajista a filin tseren Brands Hatch nan Ingila, ranar da suke buɗe fili ga irinmu 'yan koyo. Gajeren zagayen filin ne da ake kira Indy, bai kai kilomita 2 ba. Motata Golf GTI ce mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙarin ƙarfi, ban taɓa mata komai ba. Waɗanda suka riga ni, me kuka tarar?

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka yi tunanin doki nawa ke cikin injin, duba man birki. Na tafi da man da ya shekara uku a mota. Zagaye na biyar na taka birki kafin kwana, sai ƙafata ta lume kamar na taka katifa. Allah Ya tsare, tsakuwar gefen hanya ce ta riƙe ni. Man birki yana shan damshi a hankali, da ya tsufa sai ya tafasa da wuri, kumfa ta cika bututu, kumfa kuwa ba ta matse faifan birki. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius. Ganganci na ne, ba laifin mota ba.

Abu Hanifa, Dubai: Ni zafi ne ya koya mini hankali a Dubai Autodrome. Zagaye uku na farko mota tana ja kamar an sako doki. Daga nan sai ta yi sanyi, ina taka totur har ƙasa amma babu wannan fizgar. Na ɗauka turbo ta mutu, gabana ya faɗi. Ashe na'urar da ke sanyaya iskar turbo ce ta ƙoshi da zafi, kwamfutar motar ta rage ƙarfi da kanta don kada inji ya lalace. Na huta minti ashirin, ta dawo daidai. Yanzu gejin zafin baƙin mai nake kallo fiye da na gudu.

Injiniya Sani: Haka ne Abu Hanifa. Kuma zagayen ƙarshe a yi shi a hankali, iska ta ratsa. In ka faka, bar inji yana aiki na ɗan lokaci, kada ka ja birkin hannu a kan faifai mai zafi.

Hajiyar Köln: Ku maza kullum inji! Baban Khalifa, kira kamfanin inshorarka tukuna. Yawancinsu ba sa biya idan abu ya faru a filin tsere. Mu nan Jamus, zagayen Nordschleife na filin tseren Nürburgring kilomita 20.8 ne, ranar 'yan yawon buɗe ido dokar titi ce ke aiki, ta hagu kawai ake wuce mota, kuma wanda ya daki shinge shi zai biya gyaransa. Sau biyu na zagaya, ni da maigida, ina tuƙi yana salati. Abin da ya fi ba ni kunya, wata 'yar ƙaramar mota marar turbo ta wuce ni a kwana kamar ina tsaye. Mai ita ya san hanya ne kawai.

Baban Khalifa: Hajiya kin kashe min jiki. Taya fa?

Abu Hanifa, Dubai: Iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi. Ka auna da zarar ka fito, ka rage kaɗan, amma ka mayar kafin ka kama hanyar gida. Ni na manta sau ɗaya.

Injiniya Sani: Tafi da hular kwano, ka kwashe tarkacen cikin mota, har gorar ruwa. Masu filin suna auna ƙarar salansar mota kafin shiga. In akwai mai koyarwa, biya ya zauna gefenka, musamman saboda Paddock Hill, kwanar farko, gangara ce da ba ka ganin ƙarshenta sai ka shiga.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Asabar zan kai ta gareji a sauya man birkin.